Sunan da Wasila Ta Kasa Faɗa

Gwaggo Hindu, assalamu alaikum. Don girman Allah ki taimake ni, na yi ɓarna da bakina kuma na rasa ta inda zan fara gyara. Duk sunayen da zan ambata na canza su.

Ni 'yar Hunkuyi ce, ina karatun aikin lafiya a Makarfi. Muna haya a wani gidan ɗalibai mata da ke bayan kasuwa, ɗan ɗaki ne, katifa biyu da risho ɗaya, in kika miƙe ƙafa sai kin shuri bokitin wata. Da wadda muke tare ta gama karatu, sai mai gidan ya haɗa ni da wata sabuwa daga Furana, bari in kira ta Wasila. Matar aure ce, ta ɗan girme ni. Ni kuwa Gwaggo, Allah ya yi ni da surutu, ko a gidanmu rediyo suke ce min. Har na yi murna na samu abokiyar hira, ashe da sauran aiki. In na gaishe ta, ta amsa, shi ke nan. In na sauke tukunya na ce bismillah, ta ce alhamdu lillahi. Na taɓa sayo rake na fere, na yayyanka, na tura mata a faranti, a nan ya bushe. Ba ta taɓa gaya min baƙar magana ba, shara ma kafin in tashi ta yi, amma wallahi zama da ita kamar zama da bango.

Wannan duk da na jure. Abin da ya tsaya min a rai daban ne. An sa min rana da wani, zan kira shi Ukasha, ni kuma ban iya ɓoye suna ba. A waya Ukasha, a hira Ukasha, har a bayan wayata na rubuta shi. Sai na lura duk lokacin da sunan ya fito daga bakina, Wasila za ta zari hijabi ko buta ta fice. Wani lokacin tana tsakiyar cin abinci za ta tsame hannu. Na kai maganar wajen 'yan ɗakin da ke kusa da namu, su kuma suka zuga ni, wai ruwa ba ya... kai, ba ma sai na maimaita ba, cewa dai suka yi ko ta san shi, ko baƙin ciki take min. Ga shi Ukasha yana zuwa sarin tumatir wajejen Ikara, yankin su Wasila. Nan zuciyata ta ƙulla abin da babu shi.

Wata Asabar muna wanki a tsakar gida, mata cike, sai ya kira ni. Ina ambatar sunansa ta ajiye sabulu za ta wuce. Na sha gabanta. Na ce ta gaya min abin da ke tsakaninta da shi, tana matar aure ko kunya ba ta ji. Na ce in ba tsoro ba ta faɗi sunansa a gabana. Na yi ta nanatawa, ta faɗi sunan, ta faɗi sunan. Gwaggo, ta buɗe baki, ta kasa. Ni a haukata na ɗauka na kama ta, har wasu suka yi shewa. Ta bar wankin a jiƙe ta shige ɗaki.

Bayan 'yan kwanaki yayarta ta kawo mata garin tuwo da kauɗar tumatir, ta tarar ba ta dawo daga aji ba, sai muka zauna jiranta. Idonta ya faɗa kan bayan wayata, ta yi salati, ta tambaye ni ko kullum Wasila tana ganin wannan rubutun. Daga nan ta gaya min komai. Ɗan Wasila na fari, shi kaɗai Allah ya ba ta, sunansa ke nan. Ya rasu daminar bara, zazzaɓi, a kan babur a hanyar asibiti, yana rungume a ƙirjinta, ko yaye bai kai ba. Gidansu har yau suna riƙe da kunyar ɗan fari sosai. Tun ranar suna ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta taɓa yi masa wasa a gaban surukai ba. Da ya rasu ma kakanni aka yi ta yi wa gaisuwa, ita tana ƙuryar ɗaki, ko hawayenta ba a so a gani. Mijinta ne ya ce ta zo karatun nan ko hankalinta zai ɗan ɗauku.

Wannan baiwar Allah na tsayar a gaban mutane ina cewa sai ta faɗi sunan. Tun ranar da na ji wannan labari ina jin kunyar kaina, ina jin tausayinta har ƙirjina yana zafi.

Ba ta san yayarta ta gaya min ba. Ta fara ɗaure kayanta a buhu, na ji tana ce wa mijinta a waya ya zo ya ɗauke ta ƙarshen mako, ta haƙura da karatun, ga jarrabawa ta matso. A gidan kuma har yanzu kallon mai bin saurayin wata ake yi mata. In na wanke ta, na tona abin da take ɓoyewa. In na yi shiru, ta tafi da wannan tabon, ta kuma rasa karatunta saboda ni. Ko haɗa ido da ita ba na iyawa. Gwaggo, yaya zan yi?

'Yarki da bakinta ya ja mata, Makarfi.

AMSA

Wa alaikumus salam, 'yata. Na karanta wasiƙarki. Allah ya sa yaron mai ceto ne.

Kin yi laifi, ba zan ɓoye miki ba. Jifan matar aure da irin wannan zargi a bainar jama'a babban abu ne, ko da babu rasuwa a ciki. Amma ba ki san gaibu ba, kuma na san zama ɗaki ɗaya da wanda ba ya magana yana cin rai. Ita ma da ta ce miki akwai abin da ba ta son ji, ko ba ta fayyace ba, da ba a kai nan ba. Sai dai wadda aka hora a kan ta haɗiye komai, ba rana ɗaya za ta koyi fitarwa ba.

Ki fara da tsakar gidan nan. A nan kika ɓata ta, a nan za ki wanke ta, a gaban matan da suka yi shewa. Ki ce ƙazafi kika yi mata, ko ganin saurayinki ba ta taɓa yi ba, kishi ne ya rufe miki ido. In sun ce to me yake fitar da ita, ki ce ba huruminsu ba ne. Laifinki kawai za ki faɗa, sirrinta yana nan a rufe.

Ki goge rubutun nan na bayan waya, ki riƙa amsa kiran saurayin naki a waje. Ai ko ba don Wasila ba, ke da aka sa wa rana, lokaci ya yi da za ki koyi sakaya sunan mutumin.

Ki kira yayarta yau ɗin nan, ki gaya mata abin da kika aikata da maganar komawa gida, ki roƙe ta ta lallashe ta ta tsaya ko zuwa bayan jarrabawa ne. In ganinki ne ba ta iyawa, ke ki kwashe katifarki ki raɓa da wasu, ki bar mata ɗakin.

Sai mai wuyar. Ki same ta ku biyu, ki durƙusa, ki gaya mata yayarta ta sanar da ke. Kada ki kawo hujja, kada kuma ki ɓarke da kukan da zai sa ita ta koma lallashinki. Kada ki ambaci sunan, kada ki tambayi yadda aka yi. Ki nemi gafararta, sannan ki yi mata gaisuwa yadda ake yi wa duk uwar da ta rasa ɗa: ki tambaye ta ya haƙuri, ki yi wa yaron addu'a. Daga nan ki kama bakinki, na san zai yi miki wuya. In ta yi kuka ki tura ƙofa ki bar ta ta yi mai isarta. In ba ta tanka ba, kada ki matsa.

Ba zan yi miki alkawarin za ta fasa tafiya ba. Yafiya tata ce, tana iya bayarwa yanzu, tana iya kai wa shekaru. Amma ko da za ta tafi ɗin, kada ki bari ta bar Makarfi ba tare da mutum ɗaya ya dube ta ya yi mata ta'aziyyar ɗanta ba, ita da kanta.

Allah ya sanyaya mata zuciya, ya ba ki ikon gyarawa, ya zaunar da ku ɗakin jarrabawa ku biyun.

Gwaggo Hindu