Biyar Bisa Ɗari a Takardar Yayana

Hajiya, assalamu alaikum. Ki yafe mini tsaurin ido, na san maganar nan ta fi ƙarfin bakina. Sau uku ina rubutawa ina yagawa. Don Allah ki taimake ni.

Ina ajin ƙarshe a sakandare, ɓangaren kimiyya. Yayana kafinta ne, shekararsu huɗu da aure ba haihuwa. Ranar wanki matarsa, wadda nake ce wa Anti, ta tsinci takardar asibiti a aljihunsa, ta kawo in karanta mata, tunda ni ce 'yar bokon gidan. Ashe sakamakon gwajin maniyyi ne. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige, amma na duba. Ƙwayoyi masu motsi, 46 bisa ɗari. Masu kyakkyawar siffa, 5 bisa ɗari. A makarantarmu biyar da jan biro ake rubuta ta. Sai na ce mata Yaya ya faɗi gwajin.

Anti ta kasa ɓoye masa. Bai koma wajen likita ba, wai tunda har ƙanwarsa ta karanta, me ya rage? Ya ce ƙarshen wata zai sawwaƙe mata, ta je ta samu rabonta. Ita ba ta so. Kullum sai ta ninke zane ɗaya ta sa a akwati, ina jin ƙarar murfin har cikin aji. Shi kuma ya daina tsokanata da kirana Likita. In na kai masa abinci shago, sai in tarar yana ta goge katakon da ya riga ya yi santsi.

Hajiya, da na yi ƙarya, ko? Saura kwana tara. In ban takura miki ba, kin yarda in sake rubuto miki?

Ƙanwar kafinta

Wa alaikumus salam, 'yata.

Ba ƙarya ta kamace ki ba, shiru ne. Kin duba takardar asibiti da idon malamar aji. A gwajin nan, siffa huɗu bisa ɗari ma ana ɗaukarta daidai, motsi 46 kuwa ya haye ma'aunin da aka saba bi. Duba gefen dama, yawanci akwai ma'aunin a rubuce.

Ban ce komai lafiya ba. Ban ga adadin ƙwayoyin ba, kuma gwaji ɗaya ba ya yanke hukunci; zazzaɓi kaɗai kan sauya shi, shi ya sa ake maimaitawa bayan kamar wata uku. Likita ne zai fassara, a duba su biyun.

Anti ta yi kuskuren tona masa aljihu, shi ma ya yi gaggawa, amma tausayinta ne ya ja shi. Kada ki tunkare shi, kunya za ta ƙara rufe masa baki. Je wajen Anti yau, ki ce kin karanta ba daidai ba. Ta ajiye akwatin, ta riƙo takardar da mijinta su koma asibiti.

Ki rubuto mini duk abin da aka ce. Allah Ya zaunar da su, Ya ba ki ɗan goyo.