Batirin da Ya Ƙi Mutuwa

Malam,

Ƙulin-ƙulifita: wane majinyaci ne in ya mutu ba a sallamar mai jinya, in ya warke ma ba a sallamarta? Riƙe amsarka.

Bayan gaisuwa mai yawa, ya ƙafar taka? Ina fatan shan maganin kake yi, ba tura shi ƙarƙashin katifa ba.

Ni dai ina nan saman bene ina renon sabon mijina, jikanka ɗan Auta, wanda ya kusa kamo ka a yawan haƙori. Tagarmu bangon maƙwabta take kallo, matakala kuma ta fi ƙarfin gwiwata. Ko kaza a akurki ta fi ni ganin gari.

Ka tambayi ranar dawowata. Autarka ta ce sai ta gama bincikenta na makaranta. Batir take haɗawa na ƙarfen tutiya da ruwa, wai ba ya kama wuta, ga araha. Matsalar wani baƙin gari ce da ke gefe guda, katod take ce masa. Kamar gishiri yake: ana caji ana saukewa, yana zagwanyewa cikin ruwan har batirin ya mace. Sai ta dawo ido jawur ta sake sabo, ni kuma a ƙara mini wa'adi. Na ce ta tsame shi daga ruwan mana, ta ce ai ruwan ne abin alfaharin. Ka ji boko!

Taya mu addu'a ya daina narkewa.

Uwar yaranka.

Malam,

Gaisuwa da fatan jiki da sauƙi. An ce ka faɗi a bakin wanka, sai da maƙwabci ya ɗaga ka. Kai ba ka faɗa mini ba, tsohon banza.

Addu'arka ta ci, har ta yi yawa. Auta ta yi wa baƙin garin riga, wani shafe mai kama da gawayi, ya daina narkewa. Ta shigo da rawa, na tashi na ɗaure kayana. Sai ta zauna gefen gado tana sosa ƙeya. Wai malaminta ya ce ba za ta rubuta komai ba sai an ga iyakar ran batirin, a yi ta caji har ya gaza da kansa. Yaushe ke nan? Ta ce in aikin ya yi kyau, da sauran watanni. Ta roƙe ni da hawaye, ba ta da mai riƙe mata yaro. Na kwance kayan.

Yanzu ita tana roƙon ya daɗe, ni ina idar da salla sai in rasa me zan roƙa. Ka sa kujera a banɗaki, don Allah, kada ka yi mini gardama.

Na san ba ka cinka ba, to ba ni gari. Majinyacin batirin 'yarka ne, mai jinyar kuma matarka.

Taka har kullum,
Uwar yaranka.