Ƙamshin Bishiyar Mama

Zuwa ga ƙanena Peilin,

Gaisuwa mai yawa daga gida, da fatan takardar nan za ta same ka cikin ƙoshin lafiya. Ubangijin Sama ya tsare ka daga sanyin Bergen da ruwan nan da ka ce ba ya gajiya da zuba, kakanninmu kuma su sa maka ido a wurin gyaran jirage. Mu nan lafiya lau. Tarin Baba ya yi sauƙi. Matarka Huiru tana zaman jego na wata guda a ɗaki, na hana ta taɓa ruwan sanyi, na hana ta wanke kai, kullum sai na ɗura mata romon kaza da citta har ta ce ta fara jin za ta yi cara. 'Yarka kuwa ƙatuwa ce, mai ci, mai faɗa, da kunnuwanka sak, baiwar Sama. Muna kiranta 'Yar Wake kafin a samu sunan gaske, kuma sunan gasken nan ne ya sa na zauna rubuta maka.

Wasiƙarka ta zo, kuma da na san abin da ke ciki da ban miƙa wa Baba ita a gaban mutane ba. Ya sa tabarau yana karantawa yana murmushi, har ya zo inda ka ce a sa wa yarinyar sunan Mama, ka kuma rubuta harafin ɓaro-ɓaro da hannunka, ka ce ko wannan suna ko babu. Nan ya tsaya. Ya naɗe takardar, ya ajiye ta a gefen kwanonsa, ya tashi bai ƙarasa shinkafarsa ba. Peilin, kai fa a gidan nan ka girma. Ni da nake yayarka, ko a wannan takarda ba zan iya rubuta sunan nan ba, sai dai in ce sunan bishiyar da ke tsakar gidanmu. Ka manta yadda muke kiranta bishiyar Mama tun muna yara, don kada bakinmu ya taɓa sunan? Na san can inda kake abokan aikinka sukan sa wa ɗa sunan kakansa, girmamawa ce a wurinsu, kuma ba zan ce ba su da hankali ba. Amma mu nan in ƙarami ya ɗauki harafin babba, ya hau kansa ke nan.

Washegari na sami Baba yana ba tsuntsunsa ruwa, na ce ya yi haƙuri, kewar Mama ce ta sa ka. Ya ce shi bai ce ba ka ƙaunar uwarka ba. Ya ce amma in yi tunani: yarinya za ta yi fitsarin kwance, a kira sunan a yi mata tsawa. Za ta ci tuwon ƙasa a bakin titi, a kira sunan a ce ƙazama. Yaran maƙwabta za su tsaya a ƙofar gida suna kwaɗa shi kamar masu tallan awara. Ya ce shi da ya zauna da ita shekara arba'in bai taɓa ɗaga murya da sunan nan ba, Uwar Peiyun yake ce mata da sunana, sai yanzu da ta kwanta a kabarinta a kan tudu za a riƙa jan sunanta a layi? Ya ce in an rubuta shi a ofishin rajista, a yi bikin cikar yarinyar wata ɗaya ba da shi ba, kuma bakinsa ba zai kira yarinyar ba. Daga ranar bai ƙara ɗaukarta ba. Sai ya zo ƙofar ɗakin ya leƙa, ya yi gyaran murya, ya juya. Huiru ta yi kuka, ta ce ita ba ta san bayan wa za ta bi ba, mijinta ko surukinta. Na ji haushinka sosai a kwanakin nan, ba zan ɓoye maka ba, shi ma tsohon na ji haushinsa.

Da labari ya fita, kowa ya zama masanin haruffa. Baffa na Biyu ya zo da ƙamus a hammata, ya ce shi zai raba gardama, a bar maganar bishiya a sa mata Wan, mai nufin ladabi da taushin hali. Harafin yana da kyau a takarda, ban ƙi ba. Ka dai san Baba, ba ya yarda da suna sai ya tsaya a bakin ƙofa ya kira shi da ƙarfi kamar mai kiran yaro cin abinci. Ya fita ya haɗa da sunan gidanmu ya ce Fan Wan, wanda a kunne daidai yake da an ce kwanon shinkafa, sai ga maƙwabciyarmu tsohuwa Luo ta leƙo ta katanga tana tambaya wai kwanon shinkafar wa ya ɓata. Baffa ya ce ai mai wannan suna ba za ta taɓa kwana da yunwa ba. Baba ya ce masa shi ma tun yana yaro kwanon ne kawai abin da ya iya karantawa. Ranar ce na fara ganin haƙoran Baba tun zuwan wasiƙarka. Mahaifiyar Huiru kuma ta aiko da nata, wani harafi mai nufin dutsen ado, Baba ya ce sautinsa yana faɗuwa kamar an yar da guga a rijiya, ga sunan gidanmu ma mai faɗuwa ne, yarinya za ta yi ta gangarawa.

Ana cikin haka bishiyar ta yi fure. Ta yi latti bana, har na ɗauka fushi take yi da mu, sai muka wayi gari ƙamshi ya cika gida ya fita layi. Na shimfiɗa zane a ƙarƙashinta ina kakkaɓe furen don in yi wainar da Mama take yi, Baba yana zaune a kujerarsa. Sai na ga ba zan iya yin shiru ba. Na ce Baba, ni da kai mun wanke ta, mun raka ta tudu, mun zuba ƙasa. Peilin yana tsakiyar teku aka gaya masa, bai ga fuskarta ba, bai ƙona mata turare ba sai bayan shekara. Mu muna da kabarin, muna da bishiyar, muna da kujerarta. Shi me yake da shi can in ba sunan ba? Ya ce in rufe masa baki, na cika surutu kamar uwata. Na rufe.

Can tsohuwa Luo ta ɗago murya daga gidanta, wai mu ji tsoron Sama, ƙamshin bishiyarmu ya hana ta jin ko miyarta ta ƙone, har kanti a ƙarshen layi ana jinsa. Sai Baba ya ce in kawo masa tawada da jar takarda. Ya niƙa sandar tawadar da kansa, bai bari na taya shi ba. Ya rubuta haruffa biyu. Na farko Yuan, nisa. Na biyu Xin, ƙamshin da ke tafiya ya kai inda mai shi bai je ba. Ya ce bishiyar ta uwarku ce, ba mai cire ta daga inda take, amma abin da ke fita daga jikinta ai na duk wanda ya kai gare shi ne. Na ce Baba, harafin nan na biyu sai an ja alƙalami sau ashirin ne fa, 'yan ajinsu za su gama jarrabawa ita tana kan rubuta sunanta. Ya ce jikarsa ce, za ta iya, kai ne ka sha kuka a kan naka mai sauƙi.

Sai ya tashi ya je bakin ƙofa ya kira. Fan Yuanxin. Sautin ya sauka, ya lanƙwasa, ya ɗaga ya tsaya a sama, ka gwada da bakinka ka ji. Ya kira sau biyu. Ya juyo wajen bishiyar ya ce Uwar Peiyun, kin ji ko, ba a taɓa miki naki ba. Daga nan ya wuce ɗakin Huiru kai tsaye, ya ce a ba shi 'Yar Wake. Ta kama masa gemu. Ni dai na koma kicin na yi kukana a kan tukunya.

To ga inda muke. Baba ya ce shi kaka ne, ya zaɓa, amma ba za a kai sunan ofis ba sai uban yarinya ya ce to. Huiru ta ce ya yi mata, kai take jira. Ni ba zan tilasta maka ba, amma ina roƙonka a matsayin wadda ta goya ka. Ba a hana ka uwarka ba, Peilin. Ka buga waya kantin Malam Zeng ranar bikin cikar wata, da hantsi, zan kawo Baba ya zauna kusa da wayar. Zai ce iska ya fito sha, kada ka kula. Na riga na sayi ƙwai da jan rini na rabon bikin.

Huiru tana gaishe ka, ta ce ka riƙa sa rigar ulun da ta saƙa maka ko da hannu ɗaya ya fi ɗaya tsawo. Baffa na Biyu da ƙamusunsa suna gaisuwa, haka mijina Guoqing, da tsohuwa Luo. Ka gaishe mana da Malam Xie da ya ba ka ɗaki.

Jar takardar tana cikin ambulan, ka buɗe a hankali kada abin da ke naɗe ciki ya zube. Na bar ambulan ɗin a kan tebur na je duba wuta, na dawo na tarar ya yi nauyi, ga furen bishiya a hannun rigar Baba. Ya ce in gaya maka ba shi ya zuba ba.

Yayarka mai kewarka kullum,
Peiyun