Gaisuwar Azare a Ƙofar Turawa

Inna,

Assalamu alaikum. Ya gida, ya ƙafar Baba? Ni lafiya lau a Ingila, digirina ma yana hutawa cikin akwati.

Aikin raba kaya gida-gida ba wuya, sai dai wayar kamfani tana auna daɗewata a kowace ƙofa. Manaja ya ce in na sake makara, in ajiye makullin mota. Laifinki ne, ke kika koya mini doguwar gaisuwa.

Akwai wata tsohuwa da ba ta da kowa, kullum mukan taɓa hira. Jiya ta ce in shigo in sha shayi, na ce ina sauri. Ta rufe ƙofarta a hankali, na tafi. Ranar aka fara yaba mini.

Ki gaishe mini da maƙwabta, a tsanake.

'Yarki,
Juwairiyya