Gadar Ugwu

Amaji, bayan Inugu
Nuwamba 1959

Takarda ta fito daga hannun Arzika zuwa ga amininsa Lucas Kure, Mile One, Fatakwal. Gaisuwa da aminci, da tambayar lafiyarka da ta 'yarka Martina.

Bayan haka, na iso ƙauyen da 'yata Haulatu take zaune da mijinta Muntaka, mai sayen manja. Sun ba ni ɗaki a bayan gida. Ba wanda ya ɓata mini, amma ba wanda nake magana da shi. Muntaka yana kasuwa, Haulatu tana wajen girki, jikokina kuwa Ibo suke yi a tsakaninsu. Tun da na bar aikin akawu a Reluwe ban taɓa jin rana ta yi tsawo haka ba.

Na fara zagayawa da sanda ina duba daji. Kure, akwai nama. Bayan gonakin rogo akwai wani rafi, na ga sawun gada da kashin gyazbi. Sai dai ban san na wa ne ba, don an ce a nan kowane kurmi da gidan da ya mallake shi. Ka zo da bindigarka mu yi yadda muka saba, kai ka harba, ni in ruga da wuƙa in yanka kafin ya mutu. Gudun ne dai ban sani ba ko ƙafa za ta yarda. Haza wasalam.

Fatakwal
Disamba 1959

Malam Akawu, ina gaisuwa.

Takardarka ta zo, na yi dariya har Martina ta ce maƙwabta za su taru. Kai da gudu? Ko lokacin da kake da ƙafa, sau nawa ka iso naman ya riga ya mutu, ka tsaya kana salati, ni na cinye ni kaɗai? Ban taɓa ƙorafi ba.

Mile One tana nan yadda ka bar ta, sai dai mai shayin bakin titi ya ce tun da ka tafi ba mai karanta masa jarida. Zuwa kuwa, bari mu ga bayan Kirsimeti. Kafin nan ka sayi goro ka kai wa dattawan garin, kada ka shiga kurmin mutane kamar na ubanka. Ka gai da Haulatu. Allah ya kiyaye.

Naka, Lucas

Amaji
Janairu 1960

Zuwa ga aminina Kure, gaisuwa mai yawa.

Goron da ka ce ban kai ba, ina jira sai ka zo ka yi mini tafinta. Ga abin da ya faru.

Da hantsi na je rafin nan, na tarar da gada a tarkon waya, waya ta ci ƙafarta, tana numfashi da ƙyar. Na duba, ba kowa. Na ce a raina in na bar ta za ta zama mushe, an yi asarar nama. Na fuskantar da ita gabas na yanka. Ban ɗauki ko kunne ba. Na jawo ta har cikin gari ina hutawa, ina tambayar mai tarko, aka nuna mini gidan wani tsoho mai suna Ugwu. Na ajiye masa a ƙofa ina tsammanin godiya. Ya dubi gadar, ya dubi wuƙata, ya shige ɗaki.

Da yamma dattawa suka kira Muntaka. Sun ce kada a sake ganina bayan gonakin rogo. Muntaka bai yi mini faɗa ba, ya ce kawai, "Baba, a garin nan muke cin abinci." Haulatu ta ɗauke wuƙar, ta ce ba ta san inda take ba.

Yanzu daga ɗaki sai gindin mangwaro. In aka hana ni dajin nan, ban san abin da zan tashi dominsa da safe ba. Kai kana jin harshensu. Ka zo ka gaya musu ni ba ɓarawo ba ne. Haza wasalam.

Fatakwal
Fabrairu 1960

Malam Arzika,

Ba zan zo ba, kuma gara in daina yi maka wasa. Ka dubi rubutun nan da na waccan takarda, hannun Martina ne. Yanar ido ta rufe mini gani tun bayan tafiyarka. Bindiga tana ƙarƙashin gado, ko Coci sai an riƙe mini hannu.

Amma kunnena yana nan, kuma na ji labarinka sarai. Ba sata suke zarginka da ita ba, Malam. A ina ka yanka gadar? A bakin tarko. Mutumin nan ya yi wata da watanni yana neman hanyar da nama ke bi zuwa ruwa, kai ka je ka zuba mata jini. Ba dabbar da za ta sake bi ta wurin sai ruwan sama ya wanke. Ka ba shi gada ɗaya, ka kashe masa hanya. Da ni ne da na bi ka da sanda.

Kada ka aiki Muntaka, kada ka je wajen dattawa. Ka je gidan Ugwu da ƙafarka, da goro, ka zauna. Ba ka buƙatar tafinta. Ka gaishe mini da shi in ya saurare ka.

Naka, Lucas

Amaji
Afrilu 1960

Kure, gaisuwa. Allah ya ba ka haƙurin ido. Na daɗe ban iya amsa maka ba.

Na je. Na yi ta zuwa ina zama a ƙofarsa kafin ya fasa goron. Bayan ruwan farko ya ƙwanƙwasa mini ƙofa da sandarsa, na bi shi. Shi a gaba, ni a baya, ba wuƙa. In na tsaya hutawa sai ya yi kamar yana duba wayar tarko.

Jiya tarkonsa ya kama gada, mun tarar ta mutu. Ya cire cinya ya miƙo mini, rabon abokin tafiya. Na karɓa da hannu biyu. Haulatu ta ƙi cinyar ta shiga tukunyarta tun da mushe ce, don haka ni na ƙyafe ta da kaina a bayan ɗaki. Na ba direban motar manja ya kawo maka. Ka ce wa Martina ta sa barkono da yawa.

Haza wasalam. Arzika