Ina Wurin Ƙafar Odile?

Madam Solange,

Ki taimake ni don Allah, na rasa wanda zan kai wa wannan magana ba tare da ya yi mini dariya ba. Shekara tara ina karanta filinki a mujallar nan, ina kallon yadda kike warware wa samari rikicin baburansu, ban taɓa zaton wata rana ni ma zan zauna da biro a hannu ba. Tambayar babur zan yi, amma akwai abin da ke maƙale a bayanta. In na yi ta kewaye-kewaye ki yi haƙuri, mai aikin cuku bai saba da sauri ba.

Shekaruna hamsin da takwas. Ina aiki a gidan cukun ƙauyenmu, nan cikin tsaunukan Jura, kilomita bakwai daga ƙofar gidana. Hanyar siririya ce mai gangara, tana da lanƙwasa goma sha huɗu, kowacce na san ta kamar yunwar cikina. Da asuba nake sauka kafin motar madara ta iso, in hauro gida da tsakar rana. Shekara uku ke nan a ƙaramar mota nake wannan zirga-zirga, ina jin kaina kamar kaza a akurki.

Da ba haka nake ba. Shekara talatin da ɗaya muna da ƙaton babur ni da matata Odile, irin mai faffaɗar kujera da akwatuna a gefe. Na goya ta har bakin teku a Bretagne, na goya ta har Italiya sau biyar. A kan babur ba a jin magana, don haka muka raba wa hannuwanta aiki. Na dama yana kan cinyata: bugu ɗaya, duba can ka ga abin kallo, bugu biyu, rage gudu, tsoho. Na hagu kuwa na gaisuwa ne. Duk mahayin da ya taho daga ɗaya ɓangaren, ita ke miƙa masa yatsu biyu a madadinmu, ko ana ruwa ko ana iska, har masu ƙananan baburan kai saƙo ba ta bari su wuce. Sai wata safiya tana yanka burodi wuƙa ta suɓuce mata. Shanyewar ɓarin jiki ce. Ta tashi, tana tafiya da sanda, bakinta ya dawo ras, har ya fi da kaifi. Amma hannun dama bai dawo ba, ko kofin shayi ba ya riƙewa. A shekarar na sayar da babur ɗin, ban ma tsaya na ga fitarsa daga gareji ba.

Na ɗauka na rufe wannan babi. Sai bara da kaka, ina kan gadar da ke ƙasan dajin, hazo ya kwanta a kan kogi, wani ya wuce ni a kan sufamoto, wato dogon babur ɗin daji da aka sa wa tayoyin kwalta. Siriri ne, ba kaya ba ado. Ya shiga lanƙwasa ya miƙa ƙafa ɗaya gaba, ya kwanta, ya miƙe, hazo ya haɗiye shi. Ƙararsa kawai na ci gaba da ji tana hawa tudu tana raguwa, har ta gauraye da ƙararrawar shanun da ke kiwo. Tun ranar ban dawo daidai ba. Ina juya madara a tukunyar tagulla, tururi yana tashi, sai in ga hanya a cikinsa. Ina goge cuku da ruwan gishiri a ɗakin ajiya, amma raina yana lanƙwasa ta tara, inda itatuwa ke buɗewa a hango tafki. Ina jin sanyin asuba yana shiga ta wuyan riga, ina jin ƙamshin ciyawar da aka yanka jiya, babur ɗin ba nauyi a ƙarƙashina, sai ka ce keken da na koya ina yaro. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi: a cikin wannan mafarki ni kaɗai ne, babu kowa a bayana, kuma daɗi nake ji. Wannan daɗin ne ke ba ni kunya.

Gaëtan, bakaniken garinmu, yana da guda biyu na hannu a garejinsa. Farin ɗan tsere ne da aka yi wa fitila da lamba, marar nauyi ƙwarai, da hannu ɗaya za ka jingine shi. A takardarsa an rubuta mazauni ɗaya, ba shi ma da wurin da na baya zai ɗora ƙafa. Baƙin kuma an ƙera shi ne don titi, ya fi farin nauyi da kusan kilo talatin da biyar, mazauni biyu a takarda, da 'yan matakan ƙafa a naɗe a gefe. Gaëtan ya ba ni farin in gwada. Madam, na yi kuka a cikin hular kwano, ni da furfurata. Da na dawo sai na tarar da Firmin, abokin aikina, a tsaye yana jirana, ashe yana cikin mahaya uku da na yi kiciɓis da su a hanya. Ya ce, "Kai tsoho, tun ba ka saya ba har ka fara girman kai? Mu uku muka ɗaga maka hannu, ka wuce mu kamar an aiko ka!" A nan na gane cewa cikin shekara talatin da ɗaya ban taɓa gaida kowa a kan babur ba. Hannuna bai san aikin ba, domin aikin Odile ne.

Ban gaya mata komai ba. Amma wa ya isa ya ɓoye wa Odile abu? Ranar Lahadi ta zaro hoton farin daga aljihun rigar aikina, ta sa tabarau, ta duba sama ta duba ƙasa, sannan ta ce tana dariya, "To, kyakkyawa ne, ba laifi. Ina wurin ƙafata?" Na ce miyar kan wuta tana ƙonewa, na gudu kicin. Ba ta sake tayar da zancen ba. Sai dai hular kwanonta tana nan a kan kantar da ke kusa da ƙofa, kuma duk Asabar tana sauke ta da hannun hagu, ta matse ta a ƙirji ta goge gilashin. Shekara uku ina ganin haka ina kawar da kai.

Gaskiyar da ban faɗa wa kowa ba ita ce, ba don rashin nauyinsa kawai nake son farin ba. In na kawo shi gida, magana ta ƙare: takarda ta ce mutum ɗaya, ba ni na ce ba. Ba za ta roƙe ni in goya ta ba, ni kuma ba zan shiga lanƙwasa ina tsoron ta zame daga bayana ba. In na kawo baƙin kuwa, kullum za ta riƙa ganin matakan nan biyu, ta sa rai da abin da watakila ba zai yiwu ba. Wanne ne ya fi zama rashin tausayi? Gaëtan ya ce zai riƙe mini su zuwa Asabar. Wanne zan ɗauka don kilomita bakwai, kuma me zan ce wa matata?

Mai Cuku na Kan Tudu

*

Ɗan'uwa Mai Cuku,

Na karanta wasiƙarka sau biyu, na biyun da kofin kofi ya huce a gabana. Bari mu fara da ƙarfe, shi ya fi sauƙin sha'ani.

Farin nan ba na hanyarka ba ne, ko da Odile ba ta cikin lissafi. Injin tsere da awa ake ƙirga masa aiki, ba da kilomita ba. Kowace awa goma sha biyar ko ƙasa da haka yana neman juyen mai, kuma bakanike zai riƙa buɗe injin akai-akai. Ga shi yana son zafi, kai kuma kilomita bakwai za ka yi, yawancinta gangara, cikin sanyin asuba. Kafin ya ɗumama ka iso ka kashe. Wata biyu a haka, ka buɗe murfin mai ka ga wani farin kumfa kamar madarar da ta tsinke, kuma wannan ba irin wadda ka iya sarrafawa ba ce. Tankinsa ɗan mitsitsi ne, kujerarsa katako. Baƙin yana jure gajeriyar tafiya, ba a kai shi a duba sai an yi dubban kilomita, kuma kilo talatin da biyar ɗin da kake jin tsoro a wajen turawa ake jin su, da ya fara tafiya sun ɓace. Mutumin da ya riƙe ƙaton babur da mace da akwatuna shekara talatin, baƙin ma zai zame masa keke. Ka sa Gaëtan ya sa masa tayoyin titi masu kama ƙasa da sanyi, ya rage masa tsawo in ƙafafunka ba sa taka ƙasa sosai. Ka bi lanƙwasa uku na farko a hankali kullum, don taya ma sai ta ɗumama. Da an fara watsa gishiri a titi saboda ƙanƙara, ka koma akurkinka har bazara. Kuma ka gwada baƙin kafin ka yanke, ɗaya kawai ka hau, sai an gwada akan san na ƙwarai.

Yanzu maganar kunya. Ka sauke ta. Shekara uku kana yanka wa matarka nama a faranti, kana ɓalle mata maɓalli, na tabbata ko ba ka rubuta ba. In zuciyarka ta nemi minti goma ita kaɗai da hazo da tafki, ba cin amana ba ne, numfashi ne. Tsoronka ma ba na banza ba ne. Sufamoto, ko mai mazauni biyu, ba wurin zaman mai hannu ɗaya ba ne: dogo ne, bayansa ƙunci, ba abin jingina. Ba zan ruɗe ka ba, mai yiwuwa Odile ba za ta taɓa hawansa ba. Akwai ɗamara mai mariƙi da direba ke ɗaurawa, akwai abin jingina da ake ƙarawa, amma likitanta ne zai ce e ko a'a, ba ni ba, ba kai ba.

Inda ka kauce hanya wuri ɗaya ne. Kana so takardar babur ta faɗa wa matarka abin da bakinka ya kasa faɗa. Matar nan ta yi maka tambaya, ka ba ta amsa da miya. Kana tsammanin ba ta san hannunta ba? Ita ke kwana da shi ta tashi da shi, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ni ban ji roƙon a goya ta a cikin tambayarta ba. Abin da na ji shi ne, har yanzu ana lissafawa da ni, ko an cire ni? Macen da ta yi shekara talatin tana ce maka rage gudu da duba can, yau a zaɓi babur a ɓoye a aljihun riga, wannan ya fi mata ciwo da ganin matakan da ba za ta taka ba. Matakan nan biyu ko kilo ɗaya ba su kai ba. Ka bar su a naɗe. In ranar ta zo suna nan, in ba ta zo ba, ba wanda suka tare wa hanya.

Don haka ga abin da za ka yi. Kafin Asabar, ka zaunar da ita ka gaya mata duka, har da mafarkin da ba ta ciki, har da tsoron. Za ta yi maka tsiya, ka sha. Ranar Asabar ka sa ta a mota ku je garejin tare, ta zaga baburan biyu da sandarta, ta ga tsayinsu da idonta. In ita ta ce ta haƙura da hawa, to maganarta ce, ba ta takarda ba, kuma hular kwanon ita za ta san inda za ta ajiye ta.

Sauran gaisuwa. Firmin ya yi gaskiya, abin kunya ne mahayi mai furfura ya wuce 'yan'uwa ƙiƙam. Malamar da za ta koya maka tana gidanka, kuma ka lura, hannun da ciwon ya ɗauka na tsawatarwa ne, na gaisuwa yana nan lafiya lau. Ka roƙe ta ta nuna maka yadda ake yi. Ranar farko da za ka hauro tudu da tsakar rana a kan sabon babur ɗinka, ina da yaƙinin wata za ta fito ƙofa tun daga jin ƙarar a lanƙwasa ta ƙarshe. Ka saki hannun hagu, ka miƙa yatsu biyu. Ta gaisar maka da duniya shekara talatin da ɗaya, ita ta cancanci gaisuwarka ta farko.

Allah ya kiyaye hanya, ya ƙara wa Odile lafiya, ya kuma bar ku tare.

Solange