Karkataccen ɗinki a kwat ɗin kakar Marta

Laraba da dare, unguwar Longsight

Yau saura kaɗan in yi ɓarna. Marta, 'yar Poland ɗin nan ta flat ɗin sama, ta kawo mini tsohon kwat na kakarta in gyara shafin ciki. Na ga wani ɗinki a karkace a ƙarƙashin hammata, zaren ma daban. Na ce wane tela ne ya yi wannan aika-aika? Na farke rabi ke nan ta shigo, ta riƙe mini hannu.

"Anti Hadiza, tsaya. Aljihu ne."

Ashe kakar tata hafsan soja ce a rundunar ɓoye ta Poland, lokacin yaƙin duniya na biyu. A nan take cusa takardun umarni ta wuce ta gaban sojojin Jamus. Da hannunta ta ɗinka, kuma da an gano shi, da an kashe ta.

Shekara ashirin ina ɗinki, ban taɓa sa allura inda ran mutum yake rataye ba. A duhu kakar ta yi shi ne? Ko dai ba da umarni ta iya, ba allura ba? Marta ba ta sani ba. Ta ce har tsohuwar ta rasu a Birmingham, hirarta ba ta wuce kabejin lambunta.

Na bi ramukan allurarta in mayar da abin da na farke. Sau uku ina warwarewa, nawa sai ya fito a miƙe.